Ƙa'idojin Buga Hatimi A Kan Kayan Adon Da Aka Haɗa Zinare Da Azurfa

A yawancin gidajenmu, na birni da na karkara, sarƙar gwal da awarwaro da 'yan kunne sun wuce kayan kwalliya kawai. Dukiya ce da mata suke adanawa domin ranar buƙata. Da su ake haɗa lefe, su ake sayarwa in rashin lafiya ta zo ko in lokacin sayen taki ya yi, kuma suna cikin abin da ake rabawa magada. Yawancin waɗannan kaya shigo da su ake yi daga ƙasashen waje, ko dai ta hannun 'yan kasuwa ko ta hannun alhazai da sauran matafiya, kuma da yawa daga cikinsu suna ɗauke da wasu ƙananan lambobi da haruffa da aka buga a cikin zobe ko a jikin maƙullin sarƙa. Wannan shi ake kira hatimi ko tambari.

In kayan na ƙarfe iri ɗaya ne, karanta hatimin ba ya da wuya. Inda ake samun ruɗani da asara shi ne kayan da aka haɗa zinare da azurfa a jikin abu guda. An shirya wannan bayani ne domin jama'a, musamman mazauna karkara, da hakimai da dagatai da masu unguwanni da ma'aikatan ƙananan hukumomi waɗanda ake kai wa ƙorafi in ciniki ya lalace, su san abin da hatimi yake nufi da kuma inda maganarsa ta tsaya.

Ma'anar lambobin

Tsantsar zinare yana da taushi ƙwarai, yana lanƙwashewa, yana kuma saurin karcewa. Saboda haka maƙera suke narka shi tare da wasu ƙarafa, kamar jan ƙarfe da azurfa, domin ya yi ƙwari. Lambar da ke jikin hatimi tana nuna yawan tsantsar zinaren da ke cikin wannan gami.

Hanyoyin ƙidayar iri biyu ne. Ta farko ita ce karat, inda ake kasa ƙarfen kashi 24. Zinare mai karat 24 tsantsa ne. Mai karat 18 kuwa kashi 18 nasa zinare ne, kashi 6 wasu ƙarafa. Hanya ta biyu ita ce kasa ƙarfen kashi 1000. Ga yadda hanyoyin biyu suke dacewa da juna:

Karat 24 shi ne 999
Karat 22 shi ne 916
Karat 21 shi ne 875
Karat 18 shi ne 750
Karat 14 shi ne 585
Karat 9 shi ne 375

Gwal ɗin da ake sayowa daga Saudiyya da Dubai galibi mai karat 18 ne ko 21 ko 22. Ita kuwa azurfa ba a ƙidaya ta da karat. Lambarta da aka fi gani ita ce 925, wato kashi 925 cikin 1000 azurfa ce, sauran 75 galibi jan ƙarfe ne. Wani lokaci akan rubuta STERLING a madadin lambar ko tare da ita. Akwai kuma azurfa mai lamba 800 da 958 da 999.

A nan ya kamata a lura sosai: 916 lambar zinare ce, 925 kuwa lambar azurfa ce. Lambobin suna kusa da juna, amma darajar ƙarafan tana da nisan gaske, domin farashin giram ɗaya na zinare yana ninka na azurfa sau da yawa. Abin da aka buga wa 925 azurfa ne, komai jan launinsa da ƙyallinsa.

Hanyoyi uku da zinare da azurfa suke haɗuwa

Hanya ta farko ita ce gami, inda ake narka ƙarafan su zama abu ɗaya. A nan lamba ɗaya ake bugawa, ta zinaren, ba a ambaton azurfar da ke ciki. Ƙarafan da aka gama su ne suke sauya launi: jan ƙarfe mai yawa yana sa zinare ya yi ja, wasu fararen ƙarafa kuma suna mayar da shi fari har ya yi kama da azurfa. Farin zinare mai lamba 750 darajarsa ta karat 18 ce, ko da ido ya ɗauke shi azurfa.

Hanya ta biyu ita ce haɗin sassa. Ana ƙera jikin awarwaro ko zobe da azurfa, sannan a liƙa masa fure ko zare ko baki na zinare. Kowane ƙarfe yana nan da kamanninsa, ana iya raba su. Irin wannan ne yake ɗauke da lambobi biyu, misali 925 da 750.

Hanya ta uku ita ce shafe, abin da jama'a suke kira ruwan gwal. Ana ƙera abu da azurfa ko da tagulla, sannan a lulluɓe shi da zinare siriri ƙwarai. Kaurin wannan lulluɓi da maikiron ake auna shi, wato kashi ɗaya cikin 1000 na milimita. Zinaren da ke jikin irin wannan kaya bai taka kara ya karya ba, kuma yau da gobe yana gogewa, musamman a wuraren da suke gugar fata.

Ƙa'idar ƙasar Ingila

Ingila na cikin ƙasashen da suka fi daɗewa da dokar hatimi. A shekarar 1300, zamanin Sarki Edward na Ɗaya, aka kafa dokar da ta wajabta gwada kayan azurfa a buga musu alamar kan damisa kafin a sayar. Dokar da ake aiki da ita yanzu a duk Birtaniya ita ce ta shekarar 1973, wadda ta fara aiki a 1975.

Tushen tsarinsu shi ne, ba maƙeri ne yake yi wa kayansa shaida ba. Akwai ofisoshin gwaji guda huɗu masu zaman kansu, kowanne da alamarsa: na Landan kan damisa, na Birmingham ƙugiyar tsayar da jirgin ruwa, na Sheffield furen wardi, na Edinburgh kuma ganuwa. Cikakken hatimi yana da alamomi uku na dole: alamar wanda ya kawo kayan gwaji, lambar tsabtar ƙarfen, da alamar ofishin da ya gwada. Siffar gidan da lambar take ciki ma tana da ma'ana: ta zinare mai kusurwa takwas ce, ta azurfa kuwa siffar ƙwai. Ba a yarda ƙarfe ya gaza lambar da aka buga masa ba ko da da kashi ɗaya. Ƙananan kaya kawai aka ɗauke wa wannan wajibi, wato zinaren da bai kai giram 1 ba da azurfar da ba ta kai giram 7.78 ba.

A shekarar 2007 aka faɗaɗa dokar game da kayan haɗi. Sharuɗɗan da ofisoshin gwaji suke bi su ne kamar haka. Na farko, dole ne ya kasance mutum na gari, wanda ba masani ba, zai iya bambanta sashen zinare da sashen azurfa da idonsa. Na biyu, kowane ƙarfe ya cika mafi ƙarancin tsabtar da doka ta yarda da ita. Na uku, cikakken hatimi na ƙarfen da ya fi araha ake bugawa, wato azurfa, shi kuma zinaren a buga masa lambar tsabtarsa kaɗai. Hikimar wannan a fili take: kada mai saye ya ga babban hatimin zinare ya ɗauka abin gaba ɗayansa zinare ne. In kuma an haɗa da ƙarfe maras daraja, kamar baƙin ƙarfe ko tagulla, sai a buga kalmar METAL kusa da hatimin. Azurfar da aka yi wa ruwan gwal kuwa, hatimin azurfa kaɗai take samu.

Ƙa'idar ƙasar Amurka

Tsarin Amurka ya sha bamban. Babu ofishin gwajin da kaya suke bi ta cikinsa kafin su shiga kasuwa, kuma doka ba ta tilasta wa maƙeri buga hatimi ba. Abin da dokarsu ta shekarar 1906 ta tanada shi ne, duk wanda ya buga lamba to dole ta zama gaskiya. Gyaran da aka yi wa dokar a 1961 ya ƙara da cewa duk inda aka buga lambar tsabta, a buga sunan kamfanin ko alamarsa ta kasuwanci kusa da ita, domin a san wanda za a tuhuma. Tun daga 1981, rangwamen da aka yarda da shi ga zinare kashi 3 ne cikin 1000, ko kashi 7 in an yi amfani da ƙarfen liƙi. Ga azurfa kuwa kashi 4 ne, ko kashi 10 in akwai liƙi.

Hukumar kula da cinikayya ta tarayyar Amurka, wadda ake kira FTC, ta sabunta jagoranta na kayan ado a shekarar 2018. A game da kayan haɗi, jagoran ya ce a jera sunayen ƙarafan bisa nauyinsu, wanda ya fi yawa shi ne a farko. Ba a fara ambaton zinare alhali azurfa ce ta fi yawa, sai fa in lafazin ya nuna ƙarara cewa zinaren ado ne kawai a jikin azurfa.

Akwai wasu haruffa da ake gani bayan lambar karat waɗanda suke sauya ma'anarta baki ɗaya. GP da GEP da HGE da RGP duk suna nufin shafe ne. GF na nufin an manna fallen zinare a kan wani ƙarfe, kuma nauyin fallen ya kai aƙalla kashi ɗaya cikin 20 na nauyin abin. Saboda haka awarwaro mai giram 20 da aka buga wa 1/20 12K GF yana ɗauke da giram 1 na zinare mai karat 12, wato rabin giram na tsantsar zinare. Kalmar VERMEIL kuma tana nufin azurfa mai lamba 925 da aka shafa wa zinaren da bai gaza karat 10 ba, mai kaurin maikiron 2.5 aƙalla. Kayan da aka sani a kasuwanninmu da sunan GL su ma lulluɓi ne, ba gwal ba ne har ciki.

Sauran alamomin da ake gani

A shekarar 1972 wasu ƙasashen Turai suka sa hannu a birnin Biyana na ƙasar Ostiriya kan yarjejeniyar amincewa da hatimi guda, mai hoton ma'auni da lambar tsabta a tsakiya. Kayan da suke ɗauke da shi ofishin gwaji ne mai zaman kansa ya tantance su. A Indiya, hukumar kula da ingancin kaya ta ƙasar, BIS, ta fara tsarin hatimin zinare a shekarar 2000, aka fara wajabta shi a 2021, kuma tun daga 2023 ba a sayar da zinare mai hatimi sai da wata lamba ta musamman mai gurbi shida, haɗin haruffa da alƙaluma, wadda ake iya bin diddiginta.

Darasin da ke cikin wannan shi ne, hatimi iri biyu ne: wanda ofishin gwaji ya buga bayan ya tantance, da wanda maƙeri ya buga da kansa. Lamba ita kaɗai, ba alamar kamfani ba alamar ofishi, ita ce mafi rauni, domin ƙarfen buga 750 ko 916 abu ne da kowa zai iya mallaka.

Misalin lissafi

A ɗauka ga awarwaro mai nauyin giram 20, an buga masa 925 da 750. Jikinsa azurfa ce giram 16, adon da ke kansa kuma zinare ne giram 4. Tsantsar zinaren da ke ciki kashi 750 cikin 1000 ne na giram 4, wato giram 3. Tsantsar azurfar kuma giram 14.8.

To in mai sayarwa ya nuna wa mai saye lamba 750 kaɗai, ya ɗora awarwaron gaba ɗaya a sikeli, ya yi masa kuɗi a matsayin giram 20 na karat 18, mai saye ya biya kuɗin giram 15 na tsantsar zinare, alhali giram 3 ya tafi da shi gida. Ya biya ninki biyar ke nan. Abin lura shi ne hatimin bai yi ƙarya ba: adon lallai karat 18 ne. Lambar tana faɗin tsabtar sashen da ta shafa ne kawai, ba ta faɗin nawa ne nauyinsa a cikin abin. Wannan ita ce maganar da ya kamata kowa ya riƙe. Duk wanda ya sayi kayan haɗi bai san nauyin kowane ƙarfe daban ba, ya sayi kifi a ruwa.

Haka nan, duwatsu da ƙyalli da zare da ke jikin sarƙa ba zinare ba ne, bai kamata a auna su da kuɗin zinare ba. Wani lokaci kuma maƙullin sarƙa ne kaɗai zinare, a jikinsa aka buga lambar, sauran sarƙar kuwa wani ƙarfe ne.

Yadda ake gwadawa

An ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima, sai dai a sha'anin gwal ido shi kaɗai bai isa ba. Mayen ƙarfe ba ya jan zinare ko azurfa, don haka duk abin da ya manne masa akwai baƙin ƙarfe ko makamancinsa a ciki. Amma kuma ba ya jan tagulla da jan ƙarfe, saboda haka tsallake wannan gwaji ba shaidar inganci ba ce. Nauyi ma alama ce: zinare ya kusa ninka azurfa nauyi in girmansu ɗaya ne.

'Yan gwal suna amfani da baƙin dutsen gwaji da ruwan asid. Ana goga kayan a dutsen, a ɗiga asid a kan zanen, a ga ko zai narke. Manyan shaguna kuma suna da na'urar da take haska ƙarfe ta nuna abin da ya ƙunsa ba tare da ta ɓata shi ba. Sai dai duka hanyoyin biyu saman ƙarfe suke karantawa, kuma shafe mai kauri yana iya yaudararsu. In ana shakka, da izinin mai kaya akan ɗan karce wani ɓoyayyen wuri a gwada abin da ke ciki. Ga kayan haɗi, wajibi ne a gwada kowane sashe daban. Gwaji mafi tabbaci shi ne na narka ɗan yanki a wuta a tace zinaren a auna shi, wanda ake yi a ɗakunan gwaji.

Gado, zakka da musaya

Masu rabon gado su kula kada su haɗa kayan adon mamaci a sikeli ɗaya su yi musu kuɗi ɗaya. A ware gwal, a ware azurfa, a ware kayan haɗi da na shafe, a kira masani ya yi wa kowanne kima a gaban magada, a kuma rubuta. In ba haka ba, wata za ta tafi da giram 20 na gwal, wata da giram 20 na azurfa mai ruwan gwal, ana zaton an yi daidai, sai ranar da aka je sayarwa zumunci ya ɓaci.

A wajen zakka, nisabin zinare dinari 20 ne, kimanin giram 85, na azurfa kuma dirhami 200, kimanin giram 595. A mazhabar Malikiyya ana haɗa zinare da azurfa domin cika nisabi, kuma ana bambanta adon da mace take sawa da wanda aka ajiye domin kasuwanci ko tanadi. Ba za a iya wannan lissafi ba sai an san nauyin kowane ƙarfe, kuma ya dace a tuntuɓi malamai a kan kowane hali.

Haka batun musayar tsohon gwal da sabo. A cikin Sahihu Muslim an ruwaito cewa sahabi Fadalatu ɗan Ubaidu ya sayi abin wuya mai zinare da duwatsu a Haibara a kan dinari 12, da ya rarrabe shi sai ya tarar zinaren da ke ciki ya fi dinari 12. Da labarin ya kai ga Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, sai ya hana sayar da irinsa har sai an rarrabe. Ke nan sanin adadin kowane sashe kafin a ƙulla ciniki tsohuwar ƙa'ida ce a wurinmu.

Inda za a kai ƙorafi

Dokar tarayya ta 2018 kan gasar kasuwanci da kare haƙƙin masu saye ta haramta siffanta kaya da abin da ba shi ne ba, kuma hukumar FCCPC ce take karɓar ƙorafin masu saye. Zamba cikin ciniki laifi ne da kotu take hukuntawa. Sikelin da ake ciniki da shi kuma yana ƙarƙashin kulawar sashen awo da ma'auni na ma'aikatar masana'antu da ciniki ta tarayya. Kafin a kai ga hukuma, sau da yawa shugabannin kasuwa da na 'yan gwal suna iya sasantawa. Sai dai a duk inda aka je, abin da za a fara tambaya shi ne rasit.

Shawarwari ga masu saye

1. A duba hatimi da madubin ƙara girma, a nemi dukkan lambobi da haruffan da ke jiki, ciki da waje.
2. In an ga 925 a jikin abu mai launin gwal, a biya kuɗin azurfa.
3. In an ga lambobi biyu, a tambayi nauyin zinaren daban da na azurfar daban.
4. A sa mai shago ya rubuta a rasit irin ƙarfen, da karat, da nauyin kowane sashe, da kuɗin giram, da kuɗin aiki, da kwanan wata, da sunan shago.
5. A auna kayan a gaban mai saye, sikeli yana kan sifiri.
6. A tambayi nawa shagon zai saya in an dawo da kayan. Amsar tana nuna ainihin darajarsu.
7. A guji sayen gwal a hannun 'yan talla a tasha ko a bakin hanya, a ƙasar nan ko a ƙasa mai tsarki. Araha ba ta ado.
8. A adana rasit tare da kayan, domin zai amfani magada.

Ana kira ga hakimai da dagatai da masu unguwanni da limamai da shugabannin ƙungiyoyin mata da su isar da wannan bayani ga jama'arsu, musamman a lokacin bukukuwan aure da kuma gab da tafiyar alhazai, lokacin da aka fi sayen waɗannan kaya. Idan aka kawo musu ƙarar cinikin gwal, su nemi rasit, su sa a karanta hatimin a gaban kowa, su kuma sa masanin da ba shi da hannu a cinikin ya gwada kowane sashe kafin a yanke magana. Ana kuma kira ga maƙeranmu da 'yan gwal da su riƙa bayyana wa masu saye duk abin da aka haɗa a jikin kaya tun kafin a tambaye su.

Allah ya albarkaci kasuwanninmu, ya kare dukiyar jama'a.